Kuɗin Hana Hannu Rawa

Kafin 1995, mai hoto ba shi da wanda zai ɗora wa laifin rawar hannunsa sai kansa. Doka ɗaya ake fara koya wa duk yaron da ya shiga sana'ar, tun kafin a yarda ya taɓa kyamarar maigida: ka dubi tsawon gilashin da ka ɗaura, kada ka bar ƙyauren kyamara a buɗe fiye da kashi ɗaya cikin wannan adadi na daƙiƙa. In gilashin mai milimita 50 ne, to 1/60 ce iyakarka. In mai milimita 200 ne, kada ka sauko ƙasa da 1/250. Dalilin a fili yake. Gilashin da ke zuƙo abin da ke nesa, haka yake zuƙo karkarwar hannunka ya ƙara mata girma. Motsin da ba zai bar alama ba a gajeren gilashi, a dogo sai ya mayar da idon mutum biyu.

Wahalar ita ce haske ba ya bin doka. Fim ɗin da muke samu, na Kodak ko na Fuji, yawanci mai lamba 100 ne ko 200, in an yi sa'a 400, kuma da zarar ka loda shi ka ɗaure kanka har sai ka cinye hoto 36 ɗin da ke ciki. Rana na yin sanyi bayan la'asar, sai lissafi ya fara ƙi. Daga nan sai dabara. Ka manna gwiwar hannu a haƙarƙari, ka danna kyamara a goshi, ka buɗe ƙafafu, ka saki rabin numfashi sannan ka latsa a hankali kamar ba ka so. Wani ya jingina da ginshiƙi, wani ya ɗora gilashin a kan bayan kujera ko kan mota. Mai hali ya yi ta jan ƙarfe mai ƙafa uku a kafaɗa. Duk da haka ba ka san abin da ka shuka ba sai an wanko fim, ka ɗaga shi a haske, gabanka na faɗuwa.

Kamfanin Nikon ne ya fara sa na'urar hana rawa a wata ƙaramar kyamara ta aljihu a 1994, amma abin bai girgiza ƙwararru ba sai a shekara mai bi, lokacin da Canon ya fito da gilashin EF 75-300mm mai ɗauke da haruffa biyu, IS. Shi ne gilashi na farko mai wannan na'ura da ake iya cirewa a ɗaura a manyan kyamarori. Nikon ya biyo baya da nasa a 2000, mai milimita 80 zuwa 400, ya kira tasa fasahar VR. Daga baya Sigma ya zo da OS, Tamron da VC. Sunaye barkatai, aiki ɗaya.

Yadda abin ke aiki yana da ban sha'awa ko ga wanda bai damu da hoto ba. A cikin gilashin akwai wasu ƙananan na'urori biyu masu jin juyi: ɗaya tana lura da sunkuyawa da ɗagowa, ɗaya tana lura da waiwaye dama da hagu. Suna kai rahoto ga wata 'yar ƙwaƙwalwa, ita kuma tana ba maganaɗisu umarni ya tura wani rukunin gilasai da aka bari yana lilo a tsakiya. Hannunka ya karkata ƙasa, rukunin ya gusa ta inda zai lanƙwasa hasken ya dawo da shi wurinsa, kuma ana yin haka ba tsayawa muddin yatsanka na kan maɓalli. Wanda ya taɓa riƙe kaza ya jujjuya jikinta ya ga yadda kanta ke tsayawa cak a wuri ɗaya, ya riga ya ga misalin abin.

Ana auna amfaninsa da mataki. Kowane mataki ɗaya yana nufin za ka iya ninka lokacin da ƙyaure ke buɗe. Gilashin 1995 an ce yana ba da mataki biyu, wato inda doka ta ce 1/250, kana iya sauka zuwa 1/60. Mataki uku ya kai ka 1/30, huɗu 1/15. Ga wanda ya saba tattara kayansa da zarar an kira magariba, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Sai dai kuɗi. A nan gardamar ta samo asali, kuma babu inda ta fi fitowa fili kamar a dangin gilashin Canon na 70-200, wanda kusan duk mai ɗaukar biki yake mafarkinsa. Huɗu ne suka kasance a kasuwa a lokaci guda. Akwai mai faɗin kafar haske f/2.8 na 1995, marar IS, da ɗan'uwansa mai IS na 2001. Akwai kuma mai f/4 na 1999, da nasa ɗan'uwan mai IS na 2006. A lokacin, na f/4 mai IS kuɗinsa ya kusa ninka na marar IS. Abin da ya fi ɗaure kai shi ne, da kuɗin f/4 mai IS kana iya sayen f/2.8 marar IS, ɗan bambancin bai taka kara ya karya ba. To wanne za ka ɗauka? Ɗaya yana ba ka mataki huɗu na hana rawa. Ɗaya yana ba ka mataki ɗaya tak, amma na haske ne na gaske, ga nauyin da ya kusa ninki biyu. Na ga abokai sun yi shekaru suna musu a kan wannan, kowa da hoton da yake zarowa a matsayin hujja.

A ganina yawancin musun ya ɓace ne saboda ba a fara da tambayar da ta kamata ba: wa ke motsi? Rawa iri biyu ce ke ɓata hoto. Akwai ta mai ɗauka, akwai ta wanda ake ɗauka. Na'urar nan ta farkon kaɗai ta sani. Abin da take sayar maka shi ne lokaci, damar barin ƙyaure a buɗe ya daɗe. Lokacin kuwa ba shi da amfani in abin da ke gabanka ba zai tsaya ya jira ba.

Ɗauki Hawan Daushe a Kano, lokacin da mahaya ke sukuwa su zo su ja linzami gaban Sarki a Ƙofar Kudu. In kana son ƙurar da kofato ya tayar ta tsaya a iska, idon doki ya fito tar, kana bukatar 1/1000 ko fiye. A wannan gudun, ko hannunka na rawa ba zai bar wata alama ba, don haka na'urar da ka biya kuɗinta zaune take ba ta da aikin yi a kan hoton. Haka abin yake a ɗakin taron biki da daddare. Ka sauka zuwa 1/15 saboda IS ya ba ka dama, sai a wanko hoto ka ga labule da fulawowi da kujeru sun fito tsaf, amarya kuwa da ta ɗan juya kai ta yi wa ƙawarta magana fuskarta ta zama hayaƙi. Babu uwar amaryar da za ta biya kuɗin hoton labule. Mutum ko yana zaune, 1/60 ne abin da za ka dogara da shi. Mai tafiya sai ka haura 1/125, masu rawa kuma sai sama da haka. A irin wannan wuri abin da ke ceto shi ne faɗin kafar haske, ko filash, ko fim mai saurin kama haske.

Shi ya sa tun wancan lokaci nake ganin ƙaramin gilashin nan na 50mm f/1.8, wanda jikinsa roba ne kuma yana cikin mafiya araha da Canon da Nikon suka taɓa yi, ya fi cika wa mai ɗaukar mutane aljihu. Daga f/5.6 zuwa f/1.8 mataki uku ne da ɗoriya, kuma matakai ne da ke tsayar da hannunka da amaryar a lokaci guda. An ce araha ba ta ado, amma wannan gilashin ya yi wa amare da yawa ado.

Wannan ba ya nufin na'urar yaudara ce. Akwai wuraren da babu abin da ke maye gurbinta. Cikin tsohon gini mai duhu, kamar soron Gidan Makama ko ɗakunan da ake son zanen bango ya fito da launinsa ba tare da filash ya wanke shi ba. Gidajen tarihi da dama ba sa yarda da filash, ba sa yarda da ƙafa uku. Malami a kan mumbari ko mai jawabi a bayan teburi, ka tsaya nesa da milimita 200 kana jiran ya numfasa tsakanin jimla da jimla. Tsuntsu a kan reshe da sanyin safiya. Hoto daga cikin kwalekwale, inda ƙafa uku ma rawa take yi. Sannan akwai wata fa'ida da ba a cika rubutawa a jikin kwali ba: a dogon gilashi, na'urar tana tsayar da abin da kake gani ta mazuƙi. Wanda ya taɓa leƙawa ta milimita 400 ya ga duniya na tsalle-tsalle, sannan ya taɓa maɓalli ya ga ta lafa, ya san cewa ko saita hoton da kama kaifinsa sun fi sauƙi. Ko a wurin sukuwar da na ce ba ta da aiki a kan hoton, tana taimaka wa ido ya bi dokin. An ma ƙara mata salo na biyu don haka, wanda ke barin motsin gefe zuwa gefe ya gyara na sama da ƙasa kawai.

Tambayar ta fara sauya kama a 2003, daga inda ba a zata ba. Minolta, wanda bai kai Canon da Nikon ƙarfi a kasuwa ba, ya ce me ya sa za a riƙa motsa gilashi? Tunda an bar fim an koma sensa, a motsa sensar kanta. Ya fara da DiMAGE A1, sannan a 2004, bayan haɗewa da Konica, ya sa dabarar a babbar kyamara 7D. Ma'anar wannan ga aljihu babba ce: ka biya sau ɗaya a jikin kyamara, duk gilashin da ka ɗaura, ko na kakanka ne, ya samu. Sony ya gaji sashen kyamarorin Konica Minolta a 2006 ya ci gaba da wannan hanya. Pentax ya bi a shekarar, Olympus a 2007.

Canon da Nikon suka ƙi. Hujjarsu ita ce na'urar da ke cikin gilashi an ƙera ta daidai da tsawonsa, kuma ita ce ke tsayar da abin da ido ke gani ta mazuƙin madubi, abin da motsa sensa ba ya yi a irin kyamarorin wancan zamani. Hujjar gaskiya ce. Amma mai saye ma ba makaho ba ne, yana ganin cewa wannan tsarin yana sa shi biyan kuɗin abu ɗaya sau uku ko huɗu, gwargwadon gilasan da ya tara. Matsin kasuwa ya yi aikinsa. A 2007 kamfanonin biyu suka sa na'urar a ɗan gilashin 18-55 da ake haɗawa da kyamarar masu koyo. Abin da jiya ake nunawa a matsayin alamar ƙwararre, sai ga shi a cikin kwalin da ɗalibi ke saya. Tun daga ranar na daina yarda cewa tazarar farashin da ke tsakanin manyan gilasai duka kuɗin na'urar ne. Wani ɓangarensa kuɗin sabon ƙira ne (f/4 mai IS, alal misali, yana da gilasai 20 a cikinsa, marar IS 16, ga kariya daga ƙura da ruwa), wani ɓangaren kuma kuɗin abin da aka ga za mu iya biya ne.

A shekarar 2007 ɗin dai Nikon ya fito da D3, wadda ke kai ISO 6400 hoto bai lalace da yashi-yashi ba. Ga wanda ya taso da fim mai lamba 400, wannan mataki huɗu ne cur, kuma irin matakan da ke tsayar da komai, hannu da amarya da doki. Da wannan ya yaɗu zuwa kyamarori masu sauƙin kuɗi, sai na ɗauka zancen IS ya zo ƙarshe a gajerun gilasai. Canon kansa ya sabunta shahararren 24-70 f/2.8 a 2012 ba tare da IS ba, kuma ƙwararru suka yi ta saye, duk da cewa Tamron ya fito da nasa mai VC a shekarar da farashi mai rahusa.

Abubuwa biyu suka hana zancen mutuwa. Na farko yawan ɗigon hoto. Tsohuwar dokar an gina ta ne a kan hoton da za a wanke a ƙaramar takarda a sa a albam. Yanzu kuwa mai biki yana karɓar hoto a waya ya sa yatsu biyu ya buɗe shi har sai ya ga kwallin ido. Rawar da takarda ke rufa wa asiri, allo yana tona ta.

Na biyu bidiyo, kuma shi ne ya fi ƙarfi. Tsofaffin kyamarorin kaset da ake ɗorawa a kafaɗa nauyinsu kansa magani ne, ga kafaɗa ga hannu ga ido sun tallafe su. Da Canon 5D Mark II ta zo a 2008 ta buɗe ƙofar ɗaukar bidiyo da kyamarar hoto, sai aka koma riƙe ƙaramin abu a gaban fuska, hannu biyu a iska. A bidiyo ba ka da mafakar ƙara gudun ƙyaure, domin yawanci a 1/50 ake barinsa, kuma ko ka ƙara, rawar da ke tsakanin hoto da hoto tana nan, mai kallo yana jin ta a kansa. Masu manyan fina-finai sun daɗe da maganinsu, tun Steadicam da Garrett Brown ya ƙirƙiro a tsakiyar shekarun 1970, wadda aka yi aiki da ita a fim ɗin Rocky. Mai ɗaukar kamu da wuni ba shi da wannan. Kuma yau wa zai kira ka biki ya ce hoto kawai yake so? Ga mai wannan aiki, gilashi mai hana rawa ya tashi daga ƙawa ya zama kayan aiki.

Ƙarshen gardamar kamfanoni ya zo ne da kyamarori marasa madubi. Tunda abin da kake gani a mazuƙi daga sensa yake fitowa, in ta tsaya shi ma ya tsaya, babbar hujjar Canon da Nikon ta rushe. Olympus E-M5 ta 2012 ta zo da gyara ta fuska biyar, har da murɗawar da kyamara ke yi lokacin latsa maɓalli, wadda na'urar cikin gilashi ba ta iya gyarawa ko kaɗan. Sony ya kai wannan ga babbar sensa a A7 II a 2014. Nikon ya sauko a 2018 da Z6 da Z7, Canon kuma a 2020 da R5 da R6, inda ya ce da wasu gilasai ana kai mataki takwas. Irin waɗannan alƙaluma a kan teburin gwaji ake samunsu bisa ƙa'idar ƙungiyar CIPA ta Japan, ba a hannun wanda ya wuni a tsaye bai ci abinci ba, don haka ni nakan rage mataki biyu a raina. Amma an yi nisa har wani jami'in Olympus ya ce a 2016 juyawar duniya kanta ta fara shiga lissafin na'urorin, tana iyakance abin da za su iya. Daga baya an haura iyakar da ya faɗa.

Wayoyi ma sun bi sahu: Nokia Lumia 920 a 2012, iPhone 6 Plus a 2014. Yarinyar da ke ɗaukar ƙawarta a wurin biki tana riƙe da fasahar da muka yi ta tara kuɗi dominta, ba ta ma san tana ciki ba.

Nakan lura da matasan da ke shiga sana'ar yanzu. Da yawansu suna ɗauka da hannu ɗaya, kyamara a miƙe, ido a kan allo, kuma hoton yana fita. Ba na cikin masu cewa an lalata sana'a, domin babu wata lada a cikin asarar fim. Abin da ke damuna ɗaya ne. Mu tsoron rawar hannu ya sa kullum idonmu na kan gudun ƙyaure, kuma wannan tsoron ne yake kare mu daga ɗaya rawar ba da saninmu ba. Wanda bai taɓa jin tsoron ba, kyamara tana iya sauke shi zuwa 1/20 bai lura ba, sai ya koma gida ya ga fuskoki sun yi dishi-dishi, ya ce gilashin ne ba shi da kyau.

A Tokyo ko Landan tambayar ta kusa zama tarihi, amma a wurinmu tana da sauran rai, kuma dalilin canji ne. A 2006 dala ba ta kai naira 130 ba, a 2024 ta haura 1,500. Yawancin masu hoto a nan na hannu suke saya, tsofaffin kyamarori masu madubi waɗanda ba su da na'urar a jikinsu, don haka zaɓin da Turawa suka yi musu a kansa shekara ashirin da suka wuce shi ne ke gaban yaro a shago yau. In aka tambaye ni, nakan fara da tambayar me kake ɗauka. In mutane ne a kusa, da gilashin da bai wuce milimita 85 ba, zuba kuɗin a faɗin kafa da filash mai kyau. In kana aiki daga milimita 200 zuwa sama ba tare da ƙafa uku ba, ko bidiyo na cikin abincinka, biya, kada ka yi ciniki da kanka. In kuwa kyamararka tana da na'urar a jiki, gajeren gilashi ba ya bukatar wata. Dogo ne kawai har yanzu yake cin gajiyar tasa, domin sensa ba ta da filin gusawar da zai ishe shi.

Mai sayen na hannu kuma ya tuna cewa wannan rukunin gilasai da ke lilo a ciki ƙarin abin lalacewa ne, ga ƙurarmu, ga faɗuwa daga kan babur, kuma ba kowane mai gyara ke da kayansa ba. Kafin ka ƙirga kuɗi, ɗaura gilashin a kyamararka, ka zuƙo shi har ƙarshe, ka nufi rubutun wani allo, ka latsa maɓalli rabi. Ya kamata hoton ya lafa cikin daƙiƙa guda, da ɗan ƙaramin sauti in ka kara kunne. In ya yi tsalle, ko ya riƙa zamewa gefe, ko ka ji ƙara kamar ana niƙa, ajiye shi. Sannan ka ɗauki hotuna kaɗan a 1/30 da na'urar a kunne, ka kashe ta ka sake ɗauka, ka buɗe su ka kwatanta tun kana cikin shagon.